Ƙafa ta Uku

Mai yankan makullin da ke layin bayan tasha, kowa Ƙaramin-Aiki yake ce masa, kuma bakinsa ne ya jawo masa. Ka ce masa famfon gidanka na yoyo, ya ce ƙaramin aiki ne. A ba da labarin gada ta karye a wata ƙasa, ya girgiza kai ya ce da sun neme shi, ƙaramin aiki ne. A harkar makulli dai, gaskiya ba a ja da shi. Kawo masa kwaɗon da ya shekara goma a rufe, kafin ku gama gaisawa ya buɗe. Matsalar ita ce bai taɓa yarda cewa makulli kaɗai Allah ya ba shi ba. Ya taɓa gyara fankar ɗakinsa, tun daga ranar da baya take juyawa, tana yi wa silin fifita, shi da matarsa suna zufa a ƙasa.

Surukinsa, mahaifin matarsa, shi ne hedimastan makarantar firamaren da ke ƙarshen titi. Shekara talatin da takwas ya yi a cikinta. A da in ya daka tsawa a filin taro, har masu kanti a tsallaken hanya gyara tsayuwa suke yi. Sai ciwo ya kama shi a maƙogwaro, likitoci suka yi masa aiki, ya tashi lafiya amma muryar ta tafi, sai ɗan raɗa da ba ya wuce tsawon hannu. Dole ya ajiye aiki. Tsoffin ɗalibansa suka shirya masa taron ban kwana ranar Asabar a babban ɗakin makarantar, shi kuwa tsohon ya zauna ya rubuta jawabi shafi biyu. Ya daina shan ruwan sanyi, ya rage magana a gida, yana tattalin ɗan abin da ya rage. 'Yarsa ta ce ta same shi a gaban madubi yana gwadawa, da ya gan ta sai ya yi kamar hula yake gyarawa. Ba abin da yake so a duniya illa yaransa su ji shi sau ɗaya kafin ya koma gida ya zauna.

Ƙaramin-Aiki ma yana da nasa burin. Shekara goma sha biyu da auren 'yar mutumin nan, in ya durƙusa ya gaishe shi, "Yauwa" kawai yake samu. Tun ranar da ya gyara ƙararrawar makaranta ta dinga bugawa da kanta a tsakiyar jarrabawa, ko yauwar ma ta gajarce.

A zaman kwamitin shirye-shirye, shugaban tsoffin ɗalibai, wani mai kantin magani, ya kawo matsala. Amfilifayar makaranta, na'urar ƙara sauti, rami ɗaya gare ta, ga shi abu uku ake so a ji: makirfon Hedimasta, da kiɗan da za a sa in ya shigo, da kuma muryar Auta, ɗan tsohon na ƙarshe, wanda ke koyar da tuƙi a wani gari mai nisa, bai sami hutu ba, zai yi gaisuwa ta waya.

"Sai mu ari miksa a wajen Mai-rediyo," in ji shugaban. "Akwatin nan da ke haɗa sauti da yawa ya fito ta hanya ɗaya."

Ƙaramin-Aiki, wanda ba ɗan kwamiti ba ne, kujeru kawai ya kawo, ya miƙe tsaye.

"A ari? Surukina ya yi ban kwana da kayan aro ina raye? Ni zan haɗa da hannuna. Wanda ko wuta ba ya sha, ko batir ba ya so. Ƙaramin aiki ne."

Wani daga baya ya ce, "Ƙararrawa," a hankali, kamar mai tuna mamaci. Amma wa zai hana suruki yi wa surukinsa hidima? Aka bar masa.

Shagon Mai-rediyo taku goma sha biyar ne daga teburinsa. Mace ce marar yawan magana, ita ma ɗalibar Hedimasta ce a da, kuma shekara ashirin tana gyara abin da maza irin Ƙaramin-Aiki suka gyara. Ta ba shi bolum uku, irin da ake murɗawa a ƙara sauti ko a rage, da 'yan rizistoci uku masu kama da ƙwayar hatsi, ta yagi bayan kwali ta zana masa yadda ake haɗawa.

"Maƙwabci, ka saurare ni, abu biyu ne. Na ɗaya, akwatin da ba ya shan wuta ba ya ƙara komai, ragewa ma yake yi. Makirfo kuma muryarsa siririya ce, waya ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. In ka haɗa su a akwati ɗaya..."

"Na sani."

"Ban gama ba."

"Na san ƙarshen."

"To na biyu. Kowane bolum ƙafa uku gare shi. Ɗaya shiga, ɗaya fita. Ta ukun nan..."

"Maƙwabciya," ya ce yana naɗe kwalin, "ni da nake buɗe akwatin ajiyar banki da kunne, ƙafar bolum za ki ƙirga mini?"

"Yaushe ka buɗe akwatin banki?"

"Ba a kira ni ba tukuna."

Ta bi shi da kallo har ya fita, sannan ta ce wa rediyon da ke gabanta, "Allah ya kiyaye Malam."

A gida ya fara da neman akwati. Idonsa ya faɗa kan akwatin katako na kayan ɗinkin matarsa, wanda kakarta ta bar mata. Ya juye maɓallai da allurai da zare a tukunyar miya, ya huda ramuka bakwai a jikinsa, huɗu daga ciki bisa kuskure. Da matar ta dawo daga kasuwa ta tarar da shi a tsakiyar falo, ya mai da teburin guga wurin aiki, ƙarfen narka dalma yana hayaƙi a gefe.

"Maigida, akwatin Kaka ne wannan?"

"Ya shiga tarihi. Ranar Asabar mutum ɗari uku za su kalle shi."

"Ni dai Baba nake so su ji. Ka san kwana nawa ya yi yana rubuta takardar nan?"

"Za su ji shi har a tasha. Kin ga, sauti kamar ruwa yake. Ya shigo ta nan..." Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙarfen don ya nuna mata, idonsa na kanta, ya kama ta wajen wutar.

Ihun da ya yi ya fito da mai aski daga shagonsa da reza a hannu. Tsohuwar da ke bene na sama ta leƙo ta taga tana tambaya ko gobara ce, ta ce tana jin ƙaurin nama. Ƙaramin-Aiki ya fito da yatsu uku a cikin kofin ruwa ya shaida musu cewa gwaji yake yi, kowane ƙwararre da fatarsa yake auna zafin ƙarfe.

Ranar Talata ya ƙona yatsa na huɗu da rigar teburin guga. Ranar Laraba ya liƙe komai tsaf, ya yi baya don ya yaba aikinsa, sai ya tarar ya haɗa har da hannun almakashin matarsa. Ranar ce kuma ya iso ga ƙafa ta uku. Igiya ta shiga ta ƙafar farko, ta fita ta ta biyu, ga ta uku a tsaye ba ta da aikin yi. Ya jawo kwalin Mai-rediyo don ya duba, ashe a kansa yake ɗora ƙarfen zafi tun Litinin, daidai wurin da ta zana inda ƙafar za ta tafi ya zama baƙin rami.

Taku goma sha biyar ne tsakaninsa da amsa. Da ya je, da ta gaya masa cewa ƙafar nan ita ce magudana, ita ke zubar da sauti ƙasa in an murɗe bolum, ba tare da ita ba ana iya ragewa amma ba a iya rufewa. Amma Ƙaramin-Aiki ya gwammace ya haɗiyi ƙarfen da zafinsa da ya tsaya a ƙofar shagon nan ya ce "Maƙwabciya, me kika ce?"

"Mutum ƙafa biyu," ya ce wa matarsa. "Kaza ƙafa biyu. Keke ƙafa biyu. Wannan ta ukun 'yan kamfani ne suka ƙara don abin ya yi kwarjini."

Ya ɗauko abin yanke farce ya datse su ɗaya bayan ɗaya, ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Ranar Alhamis da la'asar aka yi gwaji. Ya aro ƙaramar amfilifayar mai aski, ya jona rediyo a rami ɗaya, wayarsa a ɗaya. Abin mamaki, sauti ya fito. Mai sharhin ƙwallo da mawaƙi suka taso tare ta lasifika guda. Ƙaramin-Aiki ya zagaya falon sau biyu hannu a baya, yana kallon matarsa ta gefen ido.

"To rufe ƙwallon mu ji waƙar," ta ce.

Ya murɗe bolum na rediyo har ƙarshe. Mai sharhin ya rage murya, kamar an tura shi ɗakin maƙwabta, amma yana nan yana ba da labarin bugun kusurwa.

"Bai yi shiru ba."

"Saura ne. In kin rufe famfo ai ba nan take ruwa ke tsayawa ba. Wanda ya rage a cikin igiya ne yake ƙarasa fita."

Ya ɗaga igiyar sama ya karkaɗe ta, ya tatse ta da yatsu daga wannan kai zuwa wancan. Suka jira minti biyar. Aka ci ƙwallo, mai sharhin ya yi ta ihu daga ɗakin maƙwabtan.

"Igiyar tana da tsawo," in ji shi. "Kafin Asabar ta tsane."

"Maigida, don Allah ka kira Mai-rediyo. Ba don ni ba, don Baba."

Ya buɗe baki zai ba ta amsa, sai tsohuwar bene ta fara buga ƙasan ɗakinta da sandar shara, matarsa ta juya a firgice, ƙafarta ta harɗe igiya, wayar ta yi tsalle daga tebur ta faɗa cikin tukunyar maɓallai. Maimakon abin ya ba shi tsoro, sai ya ba shi dabara. A taron mutum ɗari uku wani ma zai iya harɗewa. Don haka wayoyin biyu, tasa mai kiɗa da ta matarsa da za a kira Auta, a cikin akwatin za su zauna. Makirfon makaranta kuma, guda ɗaya tilo da suke da shi, ya yanke kan igiyarsa ya liƙe ta a ciki da dalma, yadda ko doki ya ja ba za ta fita ba. Sannan ya ɗauko kwaɗon da ya fi alfahari da shi, wanda ya haɗa daga cikin kwaɗuna uku, wanda yake cewa shi kansa ba ya iya buɗe shi ba makulli. A wannan kam gaskiya ya faɗa. Ya zura makullin a cikin babban zoben da ke rataye a ƙugunsa, inda makullai kusan ɗari biyu suke, ba ko ɗaya mai alama. Ya ce kowanne ya san shi da fuska.

Ranar Juma'a wani tunani ya hana shi sakat. Tabbas tsohon zai yabe shi a gaban jama'a, kuma bai kamata a kama mutum ba shiri ba. Ya ja labulen rumfarsa, ya kunna abin ɗaukar murya na wayarsa, ya gwada amsar da zai bayar, ya saurara, ya gyara, ya sake. Sai a karo na shida ya gamsu cewa ƙanƙan da kan ya fito yadda ya kamata. Wayar ta ajiye muryar a bayan waƙar shigowa, kamar yadda take ajiye komai.

Asabar ta yi, ɗakin taro ya cika tun hantsi. Manyan mutane masu tumbi, direbobi, likitoci, 'yan kasuwa, mata da jikoki, duk sun matse a kan bencinan yara gwiwa na taɓa haɓa. Ƙaramin-Aiki ya kafa teburinsa a gefen dandamali inda kowa zai gan shi, yatsu huɗu naɗe da filasta, sukudireba biyu a aljihun gaba. Ya kira Auta.

"Ƙanina, kada ka kashe. Ka zauna a layi. Ba mai jin ka sai na buɗe maka, in na buɗe zan ce Auta bismillah."

"Yaya, ina da ɗalibi fa a mota."

"Yi aikinka, na rufe ka ruf."

Ya kunna waƙar, ya sa wayoyin a ciki, ya danna kwaɗo. Hedimasta ya shigo da sandarsa, kiɗa ya tashi ya cika ɗakin, jama'a suka miƙe suna tafi, wasu na share hawaye. Komai ya tafi daidai. Mai aski ya ɗaga masa babban yatsa. Ƙaramin-Aiki ya nemo fuskar Mai-rediyo a layi na uku ya yi mata murmushin tausayi.

Tsohon ya hau dandamali ya warware takardarsa. Ƙaramin-Aiki ya murɗe kiɗa har ƙarshe, ya buɗe makirfo. Leɓunan Hedimasta suka motsa. Ba abin da ya fito.

"Ba ma ji!" aka ce daga baya.

Ya ƙara ƙarfin amfilifaya. Shiru. Ya ƙara. Ya ƙara har abin murɗawar ya tsaya. Sai ga muryar tsohon can ƙasa, siririya kamar zare: "Yarana..." Tare da ita kuma, sai ga waƙar da aka rufe ta dawo da gangunanta da algaitunta, ta fi tsohon ƙarfi sau goma.

Hedimasta ya waiwayo ya ɗaga gira ɗaya. Ƙaramin-Aiki ya yi masa alama da hannu cewa ya ci gaba, saura ne. Ya kama igiya ya fara tatsa.

"Shekara talatin da takwas," in ji tsohon, "na yi ina ƙoƙarin kai ku..."

"BAYA! Baya kake yi, yallaɓai!" Lasifikokin ɗakin suka ɗauka da muryar Auta. Shi a can bai ji komai daga cikin rufaffen akwati ba, ya jefa wayar a aljihun riga ya ci gaba da darasinsa. "Cire ƙafarka! Ba wannan ba, ɗayar!"

Rabin ɗakin suka duba ƙafafunsu. Wata tsohuwa a layin gaba ta janye tata. Tsohon ya gyara tabarau ya sake ɗaukar layin.

"Na ga wasunku sun zo mini ba su iya riƙe fensir ba, yau ga shi..."

"Za ka kashe mu! Burki! Akwai akuya!"

Dariya ta ɓarke a baya ta gangaro gaba. Shugaban kwamiti ya taso da sauri, Mai-rediyo na biye da shi, matar Ƙaramin-Aiki ta riga su isowa.

"Buɗe ka kashe wayoyin," in ji matar, haƙoranta a cije.

"Yanzun nan. Ƙaramin..." Ya ciro zoben. Makullai ɗari biyu suka kalle shi, duk fuskarsu ɗaya. Ya gwada na farko. Ya gwada na biyu. Filasta ta hana shi riƙo, zoben ya suɓuce ya faɗi, ya ɗauka, ya manta inda ya tsaya, ya koma na farko.

Mai-rediyo ta murɗa bolum ɗin da kanta, hagu, dama, ta saurara. Sannan ta dube shi.

"Maƙwabci, ina ƙafa ta uku?"

"Wace... ai ba ta aikin komai."

"Ina take?"

"Na datse."

"Duka ukun?"

"Da abin yanke farce," in ji matarsa.

Mai-rediyo ta saki bolum ɗin. "To cire akwatin gaba ɗaya, a sa makirfo kai tsaye a amfilifaya."

"Na yanke kan igiyarsa. Yana liƙe a ciki."

"A kawo guduma," in ji shugaba.

"Akwatin Kaka ne!" in ji matar.

Daidai nan waƙar ta kai ƙarshe. Gangunan suka tsaya, Auta ma ya yi shiru, da alama akuyar ta tsira. Ɗakin ya sauke numfashi. Hedimasta ya matso da makirfo bakinsa. Sai wani ya yi gyaran murya a cikin lasifika, ɗakin duka ya amsa, kuma kowa ya san mai muryar.

"Gwaji na shida. In Baba ya gama yabona, sai in miƙe a hankali, kada in yi sauri kamar ina jira. Sai in ce: A'a Baba, haba Baba, ni wane ne? Ai ƙaramin aiki ne. A nan zan ɗan sunkuyar da kai. Sai a tafa. In tafin ya yi yawa sai in ɗaga hannu ɗaya, in ce ya isa, ya isa, jama'a."

Abin da ya biyo baya ba a kiransa dariya. Mai aski ya zame daga benci ya zauna a ƙasa. Wani likita ya kifa kansa a bayan na gabansa yana bubbuga shi. Wayar kuwa, da yake an saita ta ta riƙa maimaitawa, ta sake ɗaukowa daga "Gwaji na shida," Auta ya shigo a tsakiya yana roƙon ɗalibinsa ya saki sitiyari ya bar wa Allah.

"A kashe amfilifaya," in ji shugaba.

"In an kashe ba za a ji Baba ba!" Ƙaramin-Aiki ya tare gaban teburin da hannuwa biyu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana kan makulli na arba'in da wani abu. "Minti ɗaya! Na gane shi, mai ɗan tsatsa ne!"

Ya ɗago don ya ce wa tsohon ya ƙara haƙuri, sai ya ga abin da ke faruwa a dandamali. Hedimasta ya ajiye makirfon. Yana naɗe takardarsa, gida biyu, gida huɗu, yana neman aljihu bai samu ba. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da sauƙi. Kunya ce irin ta mutumin da ya yi kwalliya ya zo, aka manta da shi. Wani abu ya soki Ƙaramin-Aiki a ƙirji wanda ya fi ƙarfen dalma zafi. Ya saki zoben makullan a ƙasa, ya taka zuwa bango a gaban mutum ɗari uku, ya fizge fulogin da hannunsa.

Lasifikokin suka mutu. Dariyar ta ci gaba ita kaɗai na ɗan lokaci. Sai tsohon ya dunƙule hannu ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu.

Wanda bai yi makarantar nan ba ba zai gane abin da ya faru ba. Manya masu furfura suka miƙe zaune, hannuwa a kan gwiwa. Mai aski ya koma benci ba wanda ya ga lokacin da ya tashi. Ɗakin ya yi shirun da ake jin kukan tsuntsu a kan rufi.

Hedimasta ya warware takardar, ya sauko daga dandamali ya tsaya dab da layin farko. Ya ce, "Yarana." Mutum biyar ne kawai suka ji. Shugaban kwamiti, wanda ya tuna zamanin da aji ɗaya ke da yara tamanin da littafi guda, ya juya ya ce wa na bayansa, "Ya ce, yarana." Layi na biyu ya miƙa wa na uku. Haka kalmar ta yi ta tafiya daga benci zuwa benci har ta isa wajen masu tsaye a bakin ƙofa, kamar yadda suke yi suna yara in Malam yana shifta.

Haka aka yi jawabin shafi biyu, jimla bayan jimla. Ya ambaci rufin da iska ta ɗauke, da shekarar da suka yi karatu a ƙarƙashin bishiya, da waɗanda suka rasu. Ya nemi gafarar duk wanda ya doka a kan kuskure. Kowace magana sai ta bi ta bakin mutum goma sha biyu kafin ta kai ƙarshe, wasu muryoyin suna karyewa a hanya, amma ba kalmar da ta faɗi ƙasa. Ƙaramin-Aiki yana tsaye a jikin bango da fulogi a hannu, yana addu'ar ƙasa ta tsage.

Da tsohon ya kai ƙarshen takarda ya naɗe ta, bai koma ya zauna ba. Ya juyo wajen bango.

"Saura surukina."

"Saura surukinsa," in ji layin farko. "Saura surukinsa," in ji na biyu. Ƙaramin-Aiki ya ji maganar tana nisa tana ƙara kaifi.

"Shekara talatin da takwas ban ga abin da ya sa ɗakin nan shiru kamar kashe akwatinsa ba."

Sau goma sha biyu aka faɗa, kowane layi da tasa dariyar. Ya tsaya ya shanye duka.

Tsohon ya jira aka lafa. Ya tako da sandarsa har gabansa, ya kama hannun nan mai filasta huɗu ya ɗaga shi sama.

"Amma ku ƙirga yatsun nan. Tun da muryata ta tafi, kowa cewa yake in yi haƙuri in huta. Shi kaɗai ne ya ƙona hannunsa don a ji ni. Na gode, ɗana."

Maganar ta tafi layi layi, a hankali wannan karon. Ɗana, ɗana, ɗana, har bakin ƙofa. Shekara goma sha biyu yana jiran kalmar nan sau ɗaya, ga shi ta zo masa sau goma sha biyu a ranar da bai cancanta ba. Idonsa ya cika. Ya lalubi abin da zai ce, bai sami komai a kansa ba sai abin da ya haddace.

"A'a Baba," ya ce, "haba Baba, ni wane ne? Ai..."

"ƘARAMIN AIKI NE!" ɗakin duka ya ƙarasa masa da murya ɗaya.

"A nan zai ɗan sunkuyar da kai," in ji Mai-rediyo daga layi na uku.

Ya sunkuyar, kuma ba don ta faɗa ba. Aka tafa, aka yi ta tafawa, bai ɗaga hannu ya ce ya isa ba, don hannun yana cikin na surukinsa, tsohon bai sake shi ba.